Muhawara: Yadda za a tsara rukunin amsa kira da sauraron kiran ma'aikata a wayar ofis

Nasiru, Kano:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora mini. Ni ne ke kula da kwamfutoci da wayoyin wani kamfanin sayar da kayan gini, kuma shekara biyu ke nan da aka kafa mana na'urar rarraba kira mai aiki da FreePBX. Muna da wayoyin tebur 22, kowacce da lambarta ta ciki daga 101 zuwa 122, sai wani akwati mai cin sim huɗu wanda ta nan kiran waje yake shigowa.

Matsala ta farko ita ce sashen ciniki. Mutum shida ne a ɗaki ɗaya, kuma duk kiran da ya shigo sai wayoyin shida su ɗauki ƙara lokaci guda. Kowa sai ya sunkuyar da kai yana jiran na kusa da shi ya ɗauka, har kiran ya katse. Da na duba rahoton kira sai na ga wata baiwar Allah ita kaɗai ke ɗaukar mafi yawansu, kuma ta fara ƙorafi.

Ta biyu ta fi damuna. Wani abokin ciniki ya yi ƙarar cewa an faɗa masa farashin buhun siminti a waya, da ya zo aka ce ba haka ba ne, sai shugaban kamfanin ya ce in nemo masa hanyar da zai riƙa sauraron kiran 'yan ciniki. Ina cikin bincike na ga lamba 555 a jerin lambobin ayyuka. Na buga ta daga teburina, sai ga muryar akantarmu tana magana da banki. Na sauka bakin ƙofa na gwada daga wayar maigadi, nan ma ta yi. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin ban san ko wani ya riga ni gano wannan ba. Me ya kamata in yi?

Injiniya Bashir, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Kafin mu shiga wani dogon bayani, don Allah ka tashi yanzu ka shiga shafin lambobin ayyuka ka kashe 555, ka danna maɓallin tabbatar da canji, sannan ka koma wayar maigadi ka sake gwadawa. Abin da ka taɓa shi ne ChanSpy, hanyar sauraron kira ta Asterisk, wato injin da FreePBX ke zaune a kansa, kuma ofisoshi da yawa da na shiga na tarar da lambar a buɗe saboda mai kafawa bai damu ya rufe ba. Idan aka buga ta haka kawai, tana haɗa mutum da duk wani kira da ke gudana, kuma duk lokacin da ya danna tauraro sai ta tsallaka da shi zuwa wani kiran. Ba ta tambayar wane ne kai.

Idan kana son sanin ko an riga ka, bincika rahoton kira ka nemo duk inda aka buga 555 tun ranar da aka kafa na'urar. Zai nuna maka lambar cikin da ta buga, da lokaci, da tsawon zaman da aka yi.

Nasiru, Kano:
Na kashe, Injiniya, kuma na gwada, yanzu ba ta shiga. Na duba rahoton, bayan nawa guda biyu na ga wasu uku daga wayar sito a watannin baya, amma kowanne bai wuce sakan goma ba. Ina kyautata zaton kuskuren bugawa ne.

Auwal, Zariya:
Ni a sanina ai na'urar tana yin wata 'yar ƙara idan an shiga kira, don haka waɗanda ake saurare za su ji. Ina ganin abin bai kai yadda ake ɗaukarsa ba.

Injiniya Bashir, Kaduna:
Malam Auwal, ƙarar tana nan, amma mai sauraron ne yake jin ta, tare da sunan layin da ya faɗa ciki. Masu maganar ba sa jin komai. Wannan kuskuren fahimta ne da na sha gyara wa mutane.

Bari in koma kan matsalar farko. Tsarin da kuke kai sunansa ringall, kuma yana da amfani ne a inda mutum biyu ko uku suke, kowa yana ganin idon ɗan'uwansa. Idan an kai shida sai nauyi ya rasa mai shi. A cikin rukunin akwai tsarin hunt, wanda ke bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da ka rubuta, sai dai a nan wanda ke saman jeri shi zai sha wahalar da waccan baiwar Allah take sha yanzu. Akwai memoryhunt, wanda ke fara da ta farko, sannan ta farko da ta biyu, sannan ya ƙara ta uku, har su cika. Amma ni shawarata ka bar rukunin gaba ɗaya ka buɗe layin jira, inda mai kira ke jira har na'ura ta miƙa shi ga ma'aikaci, domin shi ne ke da tsarin rabo na adalci. Akwai leastrecent, mai kai kira ga wanda ya fi daɗewa bai amsa ba, akwai fewestcalls, mai kai wa wanda ya fi ƙarancin kira, sai rrmemory mai zagayawa yana tuna inda ya tsaya. Ma'aikaci yana shiga ko fita layin da *45, yana kuma ɗan dakatar da kansa da *46 idan zai je salla ko cin abinci. Da haka rahoto zai nuna maka wanda kira ya zo masa shi kaɗai ya ƙi ɗauka, ba sauran ɓuya a bayan jama'a.

Malam Isufu, Maraɗi:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan layin jira, kuma ganau ne ni ba jiyau ba. Na kafa shi a wani kanti a nan, ba a yi wata guda ba masu saye suka fara cewa kantin yana cinye musu kuɗin waya. Dalili kuwa shi ne, da zarar na'ura ta fara sa wa mai kira kiɗan jira ko ta ce masa kai ne na uku a layi, to a wurin kamfanin waya an riga an ɗauki kiran, kuɗinsa ya fara tafiya. Ɗan kwangilar da ke tsaye a wurin gini da ɗan ragowar kati ba zai yi minti biyu yana sauraron kiɗa ba, zai kashe ya kira kantin da ke gefenku. Idan kuwa wayar tana ta ƙara ne kawai ba a ɗauka ba, ba a cire masa ko sisi. Tsarin layin jira an yi shi ne da tunanin wuraren da kamfani ke biyan kuɗin kiran, ko mai kira yana da mintocin da ba sa ƙarewa. Ku kuma a Nijeriya na ji hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira a farkon 2025, don haka kowane sakan yana da daraja a idon mai kira.

Sannan kada a manta sim huɗu ne kawai. Kowane sim kira ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Idan mutum biyu suna zaune a layin jira, sun toshe rabin hanyoyin kamfanin ke nan, na ciki ma ba zai samu hanyar kiran waje ba.

Injiniya Bashir, Kaduna:
Wannan magana gaskiya ce, Malam Isufu, kuma na karɓa. Gyaran da zan yi shi ne a zaɓi ƙarar waya maimakon kiɗa a cikin saitin layin, a cire sanarwar matsayi, a kuma gajarta lokacin jira. Sai dai Malam Nasiru ya gwada da wayarsa ta hannu ya ga ko agogon kira ya fara ƙirga tun kafin mutum ya ɗauka, domin wasu akwatunan sim suna amsa kiran da kansu kafin su miƙa shi ciki, kuma wannan a saitin akwatin ake gyara shi.

Ga lissafin da nake amfani da shi: sakan 15 ga mutum na farko, sakan 15 ga na biyu, idan ba a samu ba sai kiran ya faɗa wa dukkan sashen, daga nan ya wuce wayar hannun shugaban sashe. Idan za ka sa lambar hannu a cikin rukuni, ka rubuta alamar # a ƙarshenta, kuma ka kunna tabbatar da kira, yadda sai mutum ya danna 1 kafin a haɗa shi. In ba haka ba, ranar da wayarsa take kashe akwatin saƙon muryarsa ne zai amshe kiran ya hana kowa. Ka kuma sa su shidan a rukunin ɗauka guda, domin idan wayar wanda ya tashi tana ƙara, na kusa ya buga *8 ya jawo kiran zuwa teburinsa ba sai ya miƙe ba.

Alhaji Garba, Kano:
Ni ba masanin waɗannan na'urori ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma ina tare da shugaban Malam Nasiru. Idan ni ne shi, wayar tawa ce, layin nawa ne, albashi ni nake biya, kuma abokin cinikin da aka yi wa ƙaryar farashi ni na rasa shi. A kanti idan yaro yana ciniki ai ina tsaye ina jin abin da yake faɗa, ban taɓa neman izininsa ba. To me ya bambanta waya? Ku ba shi hanyar da zai saurara kawai, a daina wahalar da magana.

Hajiya Rabi, Abuja:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, bambancin shi ne a kanti yaron yana ganinka, mai saye ma yana ganinka. Na yi shekara huɗu ina amsa kira a wata cibiya kafin in zama mai kula da masu amsawa, don haka na zauna a kujerun biyu.

Sauraron iri uku ne, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai saurare zalla, inda babu mai jin ka. Akwai raɗa, inda ma'aikaci ke jin muryarka amma mai kira ba ya ji. Akwai kutse, inda ka shiga zancen kowa yana jin ka. A wurina raɗa ita ce mafi amfani, kuma ita ce mafi haɗari. Ina tuna wata sabuwar yarinya da na zaunar a makonta na farko. Wani mutum ya kira a fusace, na ga hannunta yana rawa a kan linzamin kwamfuta, sai na shiga na ce mata a hankali, ki bar shi ya gama, sannan ki tambaye shi lambar rasit. Ta yi hakan, kiran ya ƙare lafiya. Amma tun da safe na gaya mata cewa yau ina tare da ita a kan layi, don haka da ta ji muryata ba ta firgita ba. A wurin da na fara aiki kuwa, wani mai kula da mu ya taɓa faɗo mini a kunne ba zato, na ce na'am da ƙarfi, mai kiran ya ce da wa kike magana. Daga ranar duk wanda ke da kira mai wuya sai ya ce wa mutum bari in kira ka da wayata, ya fita baranda. Kamfanin ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin cinikin ya koma wayoyin hannu inda babu rahoto, babu rikodin, kuma ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki sai ya tafi da lambobin abokan ciniki.

Kuma Alhaji, a batun farashin siminti sauraron kai tsaye ba zai yi magani ba. Shugaba ba zai wuni da waya a kunne ba, kiran da za a yi gardama a kansa kuwa ba ya sallama kafin ya zo. Rikodin ne ke raba wannan gardama.

Barista Halima, Kano:
Ina so in ƙara da ɓangaren doka, ba a matsayin fatawar lauya ga kamfanin da ban ga takardunsa ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci zantukan waya da suna cikin sirrin da ya ba 'yan ƙasa kariya a kai. Sannan akwai dokar kare bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Muryar mutum da aka naɗa tare da lambarsa bayaninsa ne na kansa, don haka kamfanin da ya naɗa dole ya kasance da hujjar da doka ta yarda da ita, ya sanar da mutumin, ya tsaya a kan manufar da ya faɗa, kada ya ajiye fiye da buƙata, kuma ya tsare abin da ya ajiye. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, doka ta ba da awa 72 a sanar da hukumar. Tarar kuma ba ta wasa ba ce: ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manya kuwa miliyan 10 ko wannan kason.

Alhaji Garba yana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin kamfani yana da halastacciyar buƙata ta sanin abin da ake faɗa da sunansa, kuma doka ta san da irin wannan hujja. Amma hujjar da ta halasta naɗar kiran sashen ciniki ba ta kai ga sauraron akanta da bankinta ba, balle ma'aikaciyar da ta kira gida tana tambayar jikin ɗanta. Abin da nake ba da shawara shi ne takarda guda mai shafi ɗaya da kowane ma'aikaci zai karanta ya sa hannu, a rubuta layukan da ake naɗa, da waɗanda aka ba ikon saurare da sunan muƙaminsu, da dalili, da yawan kwanakin da za a ajiye. Masu kira daga waje kuma a gaya musu tun farkon kira.

Mu da muke Musulmi ma ba sai mun jira doka ba, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Idan an sanar da kowa, abin ya fita daga leƙen asiri ya koma duba aiki.

Malam Isufu, Maraɗi:
Barista, mu ma a Nijar muna da hukumar HAPDP mai wannan aiki. Sai dai kin dawo da mu inda muka baro, domin sanarwar nan ma na'ura sai ta ɗauki kira kafin ta faɗe ta, kuɗin mai kira ya fara tafiya ke nan.

Hajiya Rabi, Abuja:
Haka ne, Malam, shi ya sa ba a yin ta doguwa. Jimla ɗaya ta isa: ana naɗar wannan kira domin inganta aiki. Ba ta wuce sakan huɗu ba. A layin jira kuma ana iya barin ma'aikacin ya faɗe ta da bakinsa bayan sallama, yadda mai kira ba zai biya kuɗin jira ba. Abin da zan roƙa shi ne a yi ta da Hausa, tunda masu kiran Hausa suke ji. Na ga inda aka sa ta da Turanci mai sauri, wanda ko ni sai da na saurara sau biyu.

Alhaji Garba, Kano:
Hajiya, maganar fita baranda ta shige ni, domin na ga yarana suna yin haka ban gane dalili ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mai kamfani ya kamata ya iya shiga kira idan ya ga dama. A sanar da su, na yarda, amma kada a ce sai na nemi izinin yaron kwamfuta.

Injiniya Bashir, Kaduna:
Ba izininsa za ka nema ba, Alhaji, mabuɗi zai yanka maka naka kai kaɗai. Malam Nasiru, ga yadda nake yi. Ka bar 555 a kashe har abada. Ka rubuta taka lambar a cikin fayil ɗin extensions_custom.conf, domin shi ne FreePBX ba ya gogewa idan ya sake rubuta saitinsa. Sharaɗi na farko, a duba lambar cikin da ta buga, idan ba ta shugaba ko ta shugaban sashe ba ce a katse. Na biyu, a nemi lambar sirri, saboda ofishin shugaba ma ana shiga shara. Na uku, a taƙaita layukan da za a iya saurara ga na sashen ciniki kawai. Ka lura da wani tarko: ChanSpy farkon suna yake dubawa, don haka idan ka ba shi 10 zai kama 101 da 102 har zuwa 109. Idan ka ƙara masa zaɓin d, mai sauraro zai iya danna 4 don saurare, 5 don raɗa, 6 don kutse. Ni ba na ba kowa wannan sai wanda aikinsa horar da ma'aikata ne.

Batun rikodin kuma, ka kunna shi a kan layin jiran ciniki, ka sa na akanta a kan Never, wanda ke hana naɗa ko da kiran ya biyo ta wata hanya mai naɗa, sai in an tilasta daga baya. Ka yi lissafin wuri tun yanzu: fayil ɗin wav na yau da kullum yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, don haka kira 100 na minti uku-uku megabayit 300 ne a rana, kusan gigabayit 8 a kwanakin aiki na wata. Na taɓa zuwa ofishin da wayoyi suka fara rikicewa, ashe rikodin na shekara biyu ne ya cika faifan. Ka sa abin da zai riƙa goge tsofaffi da kansa. Kuma a gargaɗi ma'aikata kada su bari abokin ciniki ya karanto lambobin katin bankinsa ana naɗa.

Nasiru, Kano:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, ga inda aka kwana bayan mako guda. Na mayar da sashen ciniki layin jira da tsarin leastrecent, da ƙarar waya maimakon kiɗa. Akwatin sim ɗin kuwa lallai yana amsa kira da kansa kamar yadda Injiniya ya yi zato, na gyara. Mutum biyu sun yi fushi a ranar farko da suka ga sunayensu a rahoton kiran da ba a ɗauka ba. Shugaba ya amince da takardar da Barista ta kawo shawara, an rubuta kwana 90 na ajiya, kowa ya sa hannu, kuma ya karɓi lambar sirrinsa, ko da yake ya ce layinsa na 101 ba za a naɗa ba.

Saura abu ɗaya. Na saita cewa ranar Juma'a daga ƙarfe 1 zuwa 2:30 kira ya tafi ga sanarwar an tafi masallaci, amma jiya sai ƙarfe 2 ta fara, ta kuma hana kira shiga har 3:30 alhali kowa ya dawo.

Injiniya Bashir, Kaduna:
Agogon na'urarka yana kan lokacin UTC, mu kuma awa ɗaya muke gaba da shi. Ka mayar da yankin lokaci zuwa Africa/Lagos, ka sake kunna na'urar bayan an tashi aiki, ka kuma tabbatar tana daidaita agogonta ta intanet, domin idan batirin allonta ya mutu, duk ranar da aka ɗauke wuta inbata ta gaza za ta tashi da lokacin da ba shi ba. Ka duba lokutan da ke kan rikodin na makon nan ma, wataƙila duk suna baya da awa ɗaya.

Barista Halima, Kano:
Malam Nasiru, batun layi na 101 babu laifi a doka, tunda ba dole ba ne a naɗa. Amma ka ƙara shi a takardar cikin jerin layukan da ba a naɗa, tare da na akanta. Sannan ka tambayi Injiniya abin da zai faru idan ɗan ciniki ya tura wa shugaba kiran da aka riga aka fara naɗa, domin an gaya wa mai kiran ana naɗa, shugaba kuma yana zaton ba a yi.